Gudu ba don tumbi ba: a rage sauri, a buɗe filaye

Mafi yawan waɗanda suke fara gudun motsa jiki a garuruwanmu saboda tumbi suke farawa, kuma tumbin ne yake sa su ajiye takalmi kafin wata biyu. Mutum zai yi mako shida yana fita bayan sallar asuba, ya hau ma'auni ya tarar ko kilo ɗaya bai sauka ba, sai ya yanke hukunci cewa wahalar banza ce. A ganina alkawarin da aka yi masa tun farko ne ba daidai ba. Gudu yana biya, amma ba a kan ma'aunin kilo yake fara biya ba. Abin da yake biyan kuwa ya isa a ce gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi sun ɗauke shi a matsayin sha'anin lafiyar jama'a, sun daina kallonsa a matsayin nishaɗin 'yan boko.

Lissafin tumbin ba shi da wuya. A duk kilomita ɗaya na gudu, jiki yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mai gudun. Mai nauyin kilo 70 zai ƙona kalori 70 a kilomita, 350 a kilomita biyar. Sauri ba ya canza wannan adadi sosai, nisa ne yake canza shi. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700, wato sai mutumin ya yi gudun kilomita 110 kafin ya ƙone shi, nisan da ya wuce daga Kaduna zuwa Zariya. Mai yin kilomita 15 a mako zai shafe fiye da mako bakwai a kan kilo ɗaya, shi ma in bai ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ya saba ci ba. Ai kuwa zai ƙara, domin gudu yana buɗe ciki. Robar lemo mai rabin lita ta haura kalori 200, ta cinye kilomita uku ke nan. Wanda ya gama gudu ya zauna teburin mai shayi ya sha kauri da madarar gwangwani, ya haɗa da burodi da wainar ƙwai, ya mayar da duk abin da ya ƙona har da riba. Ga shi kuma a makonnin farko ruwan jini yana ƙaruwa, tsoka tana riƙe ruwa, sai ma'auni ya tsaya cak ko ma ya ɗan hau. Wanda yake son ganin gaskiya ya ajiye ma'auni ya karɓi tef na tela ya auna kugunsa daidai cibiya sau ɗaya a wata. Kitsen da yake lulluɓe da hanji da hanta, wanda shi ne mai haɗari, yana raguwa da motsa jiki ko da kilo bai motsa ba. Abin da ake so shi ne awon kugu ya kasa rabin tsawon mutum. Sauran aikin rage ƙiba a kwanon tuwo yake.

Inda riba take fara fitowa shi ne zuciya. Kafin ka fara, ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka sauko daga gado: yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Wanda ba ya motsa jiki yakan samu 75 zuwa 85. Bayan wata biyu ko uku na gudu a kai a kai sau da yawa adadin yakan sauko zuwa sittin da wani abu, saboda zuciya ta koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Ga mai hawan jini, irin wannan motsa jiki yakan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8, abin da ya yi kusa da aikin ƙwayar magani ɗaya. Wannan ba izinin ajiye magani ba ne, likita ne zai rage in ya ga awo ya sauka. Amma a Nijeriya, ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin manya uku yake da hawan jini, kuma da yawa ba sa sani sai shanyewar ɓarin jiki ta sanar da su, wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne. Ga sukari kuma, tsokar da take aiki tana jan sukari daga jini, kuma jiki yana ci gaba da amsa insulin, sinadarin da yake sauke sukarin jini, da kyau na kwana ɗaya zuwa biyu bayan gudun. Shi ya sa ake cewa kada a tsallake fiye da kwana biyu a jere; gudun Asabar kaɗai, komai tsawonsa, ba ya riƙe mako. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya bi mutum fiye da 55,000 na kimanin shekara 15, ya gano cewa masu gudu sun fi marasa gudu ƙarancin mutuwa da kashi 30 cikin ɗari, da kashi 45 a mutuwar da ta shafi zuciya da hanyoyin jini, kuma ribar ta bayyana har ga masu yin minti biyar zuwa goma a rana a hankali. Ajali na Allah ne, amma riƙo da sababi ma umarni ne.

Akwai ribar da ba ta da lamba: barci yakan yi nauyi, hawa bene yakan daina zama aiki, fushi da cunkushewar zuciya sukan ragu. Kada dai a yi tsammaninta a makon farko. Makonni uku ko huɗu na farko babu daɗi a cikinsu, kuma ko ga wanda ya shekara yana gudu, minti goman farko na kowace fita su ne mafi nauyi, kafin numfashi ya daidaita da ƙafa.

Za a ce, a wannan tsadar rayuwa wa yake da ƙarfin gudu, wannan ai maganar masu ƙoshi ce. Akwai gaskiya a ciki. Manomi a damina, ɗan garuwa, ɗan dako, matar da take ɗebo ruwa da daka, ba su da buƙatar wani ya koya musu motsa jiki. Sai dai birni ya cika da wasu mutanen daban: ɗan kasuwar da yake zaune a shago a Kantin Kwari daga hantsi zuwa magariba, direban adaidaita sahu, tela, ma'aikacin ofis, malamar da babur yake kai ta ya dawo da ita, uwargidan da injin markaɗe da famfo suka ɗauke mata aikin da kakarta take yi da ƙarfi. Waɗannan ba masu kuɗi ba ne, kuma su ne kuɗin maganin sukari na kowane wata yake karyawa. Za a kuma ce ai tafiya da sauri ta wadatar. Ta wadatar ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici irin tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Fifikon gudu shi ne yana biya da rabin lokaci: minti 25 sau uku a mako ya cika awo. Ƙwallo ma tana yi, amma yawancin maza suna rataye takalmin ƙwallo da zarar sun yi aure, gudu kuwa ba ya neman abokai ashirin da ɗaya.

Kuskuren da ya fi kowanne korar sabon mai gudu shi ne sauri. Namiji musamman, da ya ga ana kallonsa sai ya zuba da gudu kamar ɗan firamare a ranar wasanni, ya yi mita 300 ya tsaya yana haki, ƙirji na zafi, ya ce shi ba shi da numfashi. Numfashin yana nan, saurin ne ya wuce ƙarfinsa. Awon da ya fi kowace agogo shi ne magana: in ba za ka iya faɗin jimla cikakkiya ga na kusa da kai ba tare da yankewa ba, ka rage. Ga sabon shiga wannan yakan kama minti bakwai zuwa tara a kilomita, wato zagaye ɗaya na filin mita 400 a cikin minti uku ko fiye. Mai tafiya da sauri zai iya jerawa da kai. Babu komai. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsarin da yake aiki shi ne haɗa gudu da tafiya, kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A mako biyun farko: tafiyar minti biyar don jiki ya yi ɗumi, sannan gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a maimaita sau takwas, a rufe da tafiyar minti biyar. A mako na uku da na huɗu gudun ya koma minti biyu zuwa uku, tafiyar ta koma minti ɗaya da rabi, sau biyar ko shida. Daga mako na biyar a riƙa yin minti biyar, sannan takwas, sannan goma, da tafiyar minti biyu a tsakani. Tsakanin mako na tara da na goma sha biyu yawancin mutane sukan kai minti 30 ba tsayawa. Duk makon da ya yi nauyi a maimaita shi, ba jarrabawa ba ce. Wanda ya haura shekara 40 bai taɓa motsa jiki ba, ko mai ƙiba sosai, ya fara da wata guda na tafiya da sauri, minti 30 sau biyar a mako, kafin ya ɗaga ƙafa.

Abin mamakin shi ne rauni ba ya zuwa a makon farko lokacin da ake shan wuya. Yakan zo ne tsakanin mako na huɗu da na goma, daidai lokacin da abin ya fara daɗi. Dalili kuwa shi ne zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Sai numfashi ya ce a ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba. A kowane taku na gudu ƙafa ɗaya tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, kuma a minti 30 ana yin taku kusan 5,000. Wanda ya yi tsalle daga kilomita goma a mako zuwa ashirin ya ninka wannan duka a kan ƙashin da bai gama ƙarfafa ba. Saboda haka a riƙa ƙari kaɗan kaɗan, kada a haɗa ƙarin nisa da ƙarin sauri a mako ɗaya, kuma duk mako na huɗu a rage da kashi ɗaya cikin uku.

Dole mai gudu ya iya bambanta ciwo da ciwo. Tsamin jiki da yake kama cinyoyi biyu kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, ya lafa a kwana na uku ko na huɗu, wannan sabo ne, ba ya hana fita. Zafin da yake bin tsawon ƙwauri ta ciki alama ce ta an yi gaggawar ƙari ko an daɗe a kan kwalta. A rage rabi, a koma ƙasa mai laushi na mako biyu. In kuwa zafin ya taru a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa a kan ƙashi, yana ƙaruwa da gudu, ba ka iya tsalle a kan ƙafar, to ana zargin tsagewar ƙashi ne, a tsaya gaba ɗaya a ga likita, domin yakan ci mako shida zuwa takwas, kuma hoton farko ba koyaushe yake nuna shi ba. Zafin dunduniya a takun farko da safe, da ƙagewar agara bayan an tashi daga barci, duk suna nuna sha-raɓa ta yi rauni. Maganinsu motsa ƙarfi ne: ka tsaya a bakin dakali da yatsun ƙafa, ka ɗaga dunduniya sama ka sauke ta a hankali, sau 15, zagaye uku. Ga zafin ƙoƙon gwiwa, tsuguno da tashi sau 10 zuwa 12, zagaye uku, sau biyu a mako, tare da rage faɗin taku yadda ƙafa za ta riƙa sauka a ƙarƙashin jiki maimakon can gaba. Duk ciwon da ya sa ka ɗingishi ya soke gudun ranar.

Maganar da ake yawan yi cewa gudu yana cinye gwiwa ba ta tsaya ba da aka bincika. Wani nazari na 2017 da ya tattara binciken da aka yi a kan mutum fiye da 100,000 ya samu amosanin gwiwa ko na ƙugu a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 a marasa motsi, kashi 13.3 a 'yan gasar da suka shekara suna nisan da ya wuce kima. Zama da ƙiba sun fi gudun minti talatin cin gwiwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗabi'ar shiga kemis a sayi diclofenac ko ibuprofen a haɗiya kafin a fita don kada a ji ciwo. Waɗannan magunguna suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, gudu a cikin zafi ma yana rage shi, ƙishirwa ta ƙara ragewa. Haɗa ukun nan hanya ce ta lalata ƙoda, ga kuma gyambon ciki, ga shi an toshe ƙararrawar da take gaya wa mutum ya tsaya.

Kayan aiki ɗaya ne yake neman kuɗi, takalmi, kuma na gwanjo ya isa in an iya zaɓe. A Kofar Wambai ko Kasuwar Barci, kada kyan saman takalmi ya ruɗe ka, soson da yake tsakanin tafi da ƙasa shi ne takalmin. Ka danna shi da babban yatsa, in ya yi tauri kamar katako ko ya cika da tamoji a gefe, ya mutu. Ka ajiye shi a kan tebur ka dube shi ta baya, in ya karkata gefe ɗaya ka bar shi. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita, a bar faɗin babban yatsa tsakanin doguwar yatsar ƙafa da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Sabon takalmi yakan yi kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo ya riga ya ci wani abu a ciki. Takalmin ƙwallo da kambas mai shafaffen ƙasa ba na kwalta ba ne. Gaskiya ne Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 babu takalmi, amma titin unguwanninmu da fasassun kwalabe da ƙusoshi ba wurin gwada wannan ba ne. Inda cinya take gogar cinya, da hammata, da kan nono, a shafa man kaɗanya ko basilin kafin a fita. Mace tana buƙatar rigar mama ta wasanni mai kamawa sosai, wannan ya fi mata takalmi mai tsada muhimmanci.

Shawarwarin gudu da ake karantawa a intanet yawanci an rubuta su ne don ƙasashen sanyi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma lokacin gudu ɗaya ne: daga idar da sallar asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai da rabi. Da yamma kwalta da bango suna ci gaba da fitar da zafin da suka sha har bayan magariba. A irin wannan yanayi mutum yakan zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a sa'a. Hanyar sanin naka ita ce ka hau ma'auni kafin gudu da bayansa, kowane kilo da ya ɓace lita ɗaya ce ta ruwa da za a mayar a hankali cikin sa'o'i masu zuwa. Gudun da bai kai minti 40 ba da sassafe, ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin fita ya isa. Wanda ya wuce sa'a ya riƙe ruwa, kuma in gumin ya yi yawa a haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ɗurawa ciki ruwa zalla fiye da ƙishirwa ma yana da nasa haɗarin, yana tsinka gishirin jini. Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, don haka a farkon bazara, ko bayan dawowa daga wuri mai sanyi irin Jos, a rage sauri da nisa. Masu sa rigar leda ko rigar sanyi a cikin zafi don kitse ya narke suna wasa da ransu. Abin da yake fita ruwa ne, zai dawo da kofin farko. In mai gudu ya fara tangaɗi, ya rikice, yana maganar da ba ta da kai, a ɗauka zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a cire kaya, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana fifita tun kafin mota ta iso, domin mintocin farko ne suke raba rai da mutuwa.

Hunturu ya fi daɗin gudu, sai dai ƙura. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen layi, a haƙura. Mai asma ya shaƙi maganinsa minti 15 kafin fita in likita ya tsara masa haka, ya kuma riƙe shi a aljihu. A azumi ba a neman ci gaba, riƙe abin da aka samu ake yi: ko minti 20 a hankali dab da shan ruwa, ko sa'a biyu bayan buɗa baki, ko bayan tarawihi. Gudu bayan sahur a azumin bazara, da yini guda na ƙishirwa a gaba, ganganci ne.

Akwai waɗanda sai sun ga likita tukuna: mai jin nauyi ko zafi a ƙirji in ya yi aiki, wanda ya taɓa suma, wanda awon jininsa ya kai 180 bisa 110, wanda wani na jininsa ya yi mutuwar fuju'a yana ƙasa da shekara 50, mai juna biyu, da mai sikila. Mai AS, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya amma ba ya ciwonta, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, yana iya gudu lafiya, amma ya guji ƙure kansa a cikin zafi da ƙishirwa. Mai sukari da yake allurar insulin ko shan glibenclamide ya riƙe dabino uku a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan kowane gudu, domin ƙaramin bororo yana iya zama gyambo. Mai zazzaɓi, na cizon sauro ne ko na mura, kada ya fita wai don gumi ya fitar da cutar. Gudu da zazzaɓi yana iya taɓa tsokar zuciya.

Duk wannan mutum zai iya koya. Abin da ba zai iya yi shi kaɗai ba shi ne samun wurin da zai yi gudun. Titunanmu ba su da gefen masu tafiya, inda yake akwai kuma 'yan tireda da masu faci sun mamaye shi, ga kwatoci a buɗe, ga karnuka, ga hayaƙin shara. Wanda dole ta sa shi bin titi ya bi hannun hagu yana fuskantar motocin da suke tahowa, ya sa riga mai haske, ya bar abin sauraron kiɗa a gida, wayar ma in da hali, saboda masu ƙwace. Akwai kuma haɗarin da littattafan gudu na Turai ba su san da shi ba: saurayi yana gudu shi kaɗai a lungu da duhun asuba, wani ya ƙwala ihun ɓarawo. Kowa ya san yadda irin wannan yake ƙarewa. Shi ya sa ake son a fita mutum biyu ko uku, da kayan da suke nuna motsa jiki ake yi, a gaisa da 'yan sintirin unguwa su san fuska. Dattijo mai furfura kuwa abin da yake hana shi kunya ce, kada a ce girma ya faɗi.

Mata sun fi kowa rashi. Matar da likita ya ce ta motsa jiki saboda sukari, ina za ta? In ta fito titi da hijabinta tana sassarfa, kafin ta kai ƙarshen layi labari ya isa gidan surukanta. Ban ga hujjar addini a wannan ƙyama ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. An san Salamatu ɗan Akwa'u a cikin sahabbai da gudun ƙafa. Alhazanmu maza kuma suna sassarfa a zagaye ukun farko na ɗawafi da tsakanin korayen fitilu a sa'ayi, wanda shi kansa ya haura kilomita uku, kuma duk shekara ana ganin yadda rashin sabo yake wahalar da su. Abin da shari'a take nema sutura ce da kamun kai, wannan kuwa tsari ne yake samar da shi: fili mai katanga, sa'o'in mata zalla, mai gadi mace a ƙofa.

Filayen suna nan. Akwai filin wasa na Sani Abacha a Kofar Mata, na Ahmadu Bello da dandalin Murtala a Kaduna, na Muhammadu Dikko a Katsina, Giginya a Sakkwato, na Seyni Kountché a Yamai, ga filayen sukuwa, ga filin ƙwallo a kusan kowace sakandaren gwamnati, ga filayen idi da ake amfani da su sau biyu a shekara. Yawancinsu da kuɗin jama'a aka yi su. Abin da nake nema shi ne kowanne ya kasance yana da sa'o'i sanannu da aka rubuta a ƙofa, misali daga ƙarfe shida zuwa takwas na safe, kyauta, da ranaku ko ɓangare na mata, da fitila, da famfo, da banɗaki mai aiki. Wannan bai kai kuɗin gasar gudun fanfalaki ta rana ɗaya ba. Ba na ƙin irin waɗannan gasanni. Ta Legas da ake yi tun 2016 da ta Okpekpe a jihar Edo sun ɗaga sunan ƙasa, kuma 'yan tseren Filato, musamman na yankin Pankshin, sun nuna cewa tsaunukanmu za su iya fitar da gwanaye in an kula, balle Mambila. Amma gasar da 'yan Kenya da Habasha za su zo su kwashe kyauta su tafi ba ta sauke hawan jinin kowa a Fagge ko Tudun Wada.

Abin koyi mafi kusa shi ne gudun Parkrun da aka fara a wani lambu a Landan a 2004: kilomita biyar, kowace Asabar da safe, kyauta, 'yan sa kai ne suke gudanarwa, mai gudu da mai tafiya duk ɗaya, kuma akwai wanda aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe don kada wani ya ji kunyar zama kurar baya. Ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za su iya yin irinsa ba tare da jiran Abuja ba. Ana buƙatar izinin shugaban makaranta ko mai unguwa, zagayen da aka auna (a filin mita 400, zagaye goma sha biyu da rabi ne kilomita biyar), mutum huɗu ko biyar masu lura, jarkar ruwa biyu, da lokaci ɗaya da ba ya canzawa ko mutum uku ne suka zo. Shugaban ƙaramar hukuma kuma ya turo ma'aikacin lafiya ɗaya daga asibitin sha-ka-tafi da na'urar awon jini ya zauna a bakin ƙofa, ya auna kowa kafin a fara, ya rubuta masa lambarsa a kati, wanda tasa ta kai 180 bisa 110 a ba shi takardar zuwa asibiti maimakon a bar shi ya shiga fili.